Kada ka ƙara mata tsatsa tukuna

Ɗana, na juya tankar taka a tafin hannu, na duba ta ciki da bai, na kuma ji tambayarka. Ka ce ka bi takardar da ke cikin kwali daki-daki, ka haɗa ƙaramin samfurin roba na T-34 ɗin nan, tankar yaƙin Rasha, tsaf, ka yi mata koren fenti, amma har yanzu kamar abin wasan yara take. Kana so ka sani ko tsatsa da taɓo za ka ƙara mata don ta yi kama da ta gaske. A'a, kada ka ƙara komai. Fentinka ne ya yi kauri, kuma da gani ba ka zauna ka ƙare wa hoton tankar gaske kallo ba kafin ka ɗauki buroshi.

Dubi lambar da ke jikin kwalin, 1/35. Ma'aunin nan kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi, har ya zama shi aka fi sani a wannan sana'a. Abin da yake nufi shi ne duk abin da ka yi a jikin robar nan, ninka shi sau 35 za a yi. Gangar jikin T-34 ta kusa mita 6, a teburinka kuwa santimita 17 ce ko kusa da haka. To idan fentinka ya kai kaurin rubu'in milimita, tamkar ka yaɓa wa tankar gaske fentin da ya kusa milimita 9 ne. Shi ya sa kusoshin bayanta suka nutse, ragar saman injin ta toshe, layukan walda suka shafe. Idon mai kallo bai san wannan lissafi ba, amma yana ganin komai ya yi sumul ya dunƙule, nan take ya ce roba ce.

Kafin a zo ga fenti ma, akwai aikin da ka tsallake. Ɗaga igwar ka kara ta da haske. Ka ga layin nan da ya bi ta daga tushe har baki? Mahaɗar ɓari biyu ce. Gam ɗin da muke amfani da shi narkar da robar yake yi ya haɗe ta, don haka sai ka haɗa ɓarin biyu, ka taɓa mahaɗar da ɗan buroshin gam mai ruwa-ruwa ya bi ta da kansa, ka matse har narkakkiyar roba ta ɗan ɓullo. Ka bar ta ta kwana. Washegari ka kankare da bayan reza, ka bi da sanfefa mai lamba 600 sannan 1000, kana juya igwar a yatsunka don kada gefe guda ya baje. Inda rami ya rage ka cike da foti. Amma ka kula da kan tankar, wannan mai juyawa. Na T-34-85, wato irin T-34 ɗin da ke hannunka, zubin ƙarfe ne aka yi shi, fatarsa kaushi gare ta, kuma akwai layin zubi na gaske da ya kewaye shi. Na ga ka goge naka ya yi santsi. Wannan ya yi mini ciwo, domin ka share abin da ya kamata ya zauna, ka bar wanda ya kamata ya tafi.

Idan haɗi ya kammala, ka wanke ta da ruwan sabulu kaɗan saboda maiƙon hannu, ta bushe sarai, sannan ka fesa firaima siriri. Shi ke riƙe fenti, shi ne kuma ke tona asirin duk mahaɗar da ba ta gyaru ba. Fentin kansa ka tsinka shi da tinarsa har ya yi ruwa kamar madara. Idan ka ɗiga shi a bangon kofi ya gangaro ya bar ɗan launi a baya, ya yi. Da bindigar feshi, iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin ƙarfin iska na PSI a agogon kwamfuresa ta isa. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, kana hango firaima ta ƙasa, zuciyarka za ta ce ka ƙara. Daure. Na biyu zai rufe rabi, na uku ya gama. Ko da buroshi kake yi, hanyar ɗaya ce, sai dai kowane shafi ka bar shi ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba za ka kwashe na ƙasa.

Koren da Rasha ta yi wa tankokinta a Yaƙin Duniya na Biyu ana kiransa 4BO. Ni ina ɗan sirka shi da ruwan ƙasa mai haske a saman da rana ke duka, domin ƙaramin abu ya fi nuna duhu, kuma duk abin da za ka zuba daga baya ƙara masa duhu zai yi. Sitikar lambobi kuwa a kan banish mai sheƙi ake manna ta. In ka ɗora ta a kan fenti mara sheƙi, iska za ta maƙale a ƙarƙashi, gefenta ya yi fari-fari kamar azurfa.

Sai bayan nan ake zancen tsufa. Ka tsinka fentin mai, launin ƙasa mai duhu, ya zama kusan tina zalla. Ɗauki buroshi mai tsini, ka taɓa gindin kusa ɗaya, ka ga yadda ruwan zai zagaye ta da kansa ya ja layi siriri. Haka za ka bi ƙofofi da hinjisai da layukan walda, ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar minti 15 ka goge rarar da buroshi mai ɗan danshi. Kada ka malala shi ko'ina. Na taɓa jiƙa sarƙar wata tanka sharkaf da tina, irin sarƙar da ake haɗawa ƙwaya-ƙwaya, na kwana uku a kanta. Da safe na tarar ta kakkarye a duk inda ta lanƙwasa, don tina tana cin roba a wurin da take a matse. Tun ranar ɗiga nake yi.

Yanzu ga tsatsar da ka tambaya. T-34-85 ta shiga fagen fama a 1944, yaƙin ya ƙare a 1945. Yaushe ta samu zaman da za ta ruɓe? Tankar da ke aiki ƙura ce ke cinta, da laka, da mai. Tsatsar da kake gani jawur a hotuna yawanci ta wadda ta ƙone ce, ko wadda aka yasar shekara da shekaru. A mai tafiya, za ka same ta a bututun hayaƙin nan biyu na baya saboda zafi, tare da baƙin hayaƙin dizal da ya shafi ƙarfen da ke ƙasansu, sai ɗan kaɗan a sarƙar ajiya da aka ɗaure a jiki. Sarƙar da ke taka ƙasa kuwa, inda take gogar ƙasa da tayoyi har ƙyalli take yi; bakin fensir kawai za ka goga a wurin. Ka tambayi kanka ina mutane ke takawa, ina suke kamawa. Sojojin ƙasa kan hau bayan T-34 su riƙe ƙarafan nan da aka walda a jikin kanta, don haka can fenti ke goguwa, da bakin ƙofar direba, da gefen gangunan mai. Ɗan yagin soso da ka tsoma a fenti mai duhu, ka goge shi a takarda har ya kusa bushewa, shi zai ba ka wannan ƙujewar. Uku ko huɗu a wuri guda sun wadatar.

Ka nemo hoton tanka guda ɗaya tak, ka san wurinta da lokacinta. In ta Berlin ce a Afrilun 1945, za ka ga farin layi ya kewaye kanta, da hannu aka ja shi, a karkace, wani wuri har ya zuba, ga ƙurar rusassun gidaje fari-fari a kanta. In ta lokacin narkewar ƙanƙara ce, laka ce baƙa har saman tayoyi.

Taka ba ta lalace ba. Tunda fentin ruwa ka yi amfani da shi, ka jiƙa ta a sifirit na isofurofil, ka bi ta a hankali da tsohon buroshin haƙori, zai saki har ka ga roba. Cire kan da igwar ka ajiye daban, zan nuna maka yadda ake dawo da kaushin zubi da foti da guntun buroshi mai tauri. Ka zo da hoton a hannunka.