Hali kaɗai ba ya tafiyar da labari

Ka tambaya ko ya isa marubuci ya ɗauko irin taurarin da aka saba da su, kamar mai wayo da mai kwaɗayi da azzalumin sarki, sannan labari ya tsayu da kansa. Bai isa ba, domin hali ba ya motsa labari sai an haɗa shi da wata buƙata da ke taimaka wa manufar labarin ko take cin karo da ita. A tatsuniyoyinmu ma, wayon Gizo ba ya tashi sai yunwa ta matsa masa, kuma kwaɗayin Kura ne ke buɗe masa ƙofar yaudararta.

Sharaɗin da na koya shi ne, dole buƙatar tauraron ta zama ita ce ke jawo ƙarshen labarin. Na taɓa rubuta wata kishiya wadda ba ta neman komai, sai harara da habaici a tsakar gida, kuma labarin ya ƙi tafiya. Da na sanya mata tsoron kada ɗanta ya rasa rabonsa na gonar gado, sai kowane makircin da ta ƙulla ya sami dalili, har ya kai mu ga ranar rabon gadon.