Amsar Yaya ga Auta kan darussan zangonsa na farko

Ga muryar da Yaya ya turo jiya da daddare. Na rubuce ta ne saboda Kawu ya ce wayarsa ba ta buɗe doguwar murya. Auta ne ya saka hoton darussan da ya zaɓa na zangon farko a jami'ar da ta ɗauke shi a Amurka, ya ce a duba masa kafin a rufe rajista.

Assalamu alaikum. Mama barka da dare, Kawu barka da dare, sauran 'yan gida ina gaisuwa. Auta, na ga hoton tun safe, ina asibiti ne, sai yanzu na samu kaina. Na ce gara in yi murya, don in na ce rubutu zan yi sai asuba ta riske ni.

To, da na buɗe hoton nan sai da na ajiye kofin shayina. Kemistiri da lab ɗinsa, bayoloji da lab, fiziks da lab, kalkulas, sannan Turanci. Kiredit 18. Kuma lab ɗin kemistirin ranar Juma'a, ƙarfe 1 zuwa 4. Auta, wa ya aike ka? Wannan ai ɗaukar Dala ne ba gammo.

Na san inda abin ya samo asali. Kana kallon abokanka da JAMB ta ba su MBBS a BUK ko ABU, ka ga a aji ɗaya suna haɗa fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi lokaci guda, sai ka ce ai haka karatun likita yake. Su ba su da zaɓi, an liƙa musu jadawali a allo, kowa ya bi, in sun haye su shiga aji biyu su fara anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, shekara 6 a gama. Nan Amurka ba haka ba ne. Mama, ki ji wannan da kyau, don na ji an fara kiransa likita a gida: Auta bai shiga makarantar likitanci ba tukuna. Digiri ne na shekara 4 zai yi, a cikinsa ya tara wasu darussa da makarantun likitanci ke nema, ya rubuta MCAT, wato jarrabawar shiga makarantun likitanci, sannan ya nemi gurbi. In an ɗauke shi, wata shekara 4 ce, sai horon asibiti na aƙalla shekara 3. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Don haka darussan nan da ya cusa a wata huɗu, shekara uku aka ba shi ya yi su.

Bari in yi maka lissafin kiredit, don ba wanda ya yi min shi. A ƙa'idarsu, kiredit ɗaya awa ɗaya ce a aji a mako, kuma kowace awa ɗaya a aji tana jan kamar awa biyu na karatu a waje. Kiredit 15 ke nan awa 45 a mako. Naka 18, awa 54. Sannan lab yaudara ce: kiredit ɗaya suke rubuta masa, amma awa uku za ka yi a tsaye, ka shirya kafin ka shiga, ka fito ka rubuta rahoto. Lab uku a mako, rahoto uku ke nan, kowane mako, ba hutu. Ga shi ka ce kana son ɗan aiki a cikin makaranta, wanda bizarka ta yarda har awa 20 a mako. Yaushe za ka yi barci? Yaushe za ka dafa ko da taliya?

Digirin gaba ɗaya yawanci kiredit 120 ne. Raba shi zango takwas, 15 ya ba ka. Ba wanda zai ba ka lambar yabo don ka ɗauki 18.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Makin zangon farko ba ya gogewa.  Nan, ranar da za ka nemi makarantar likitanci ta hanyar AMCAS, wato shafin da ake tura takardun neman gurbi ta cikinsa, duk darasin da ka taɓa ɗauka sai ka rubuta shi, kuma ko ka maimaita, tsohon makin da sabon duka ake lissafawa. Sannan suna ware makin bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi su fitar musu da nasu matsakaicin maki, wato GPA, daban. Ka duba hotonka: 15 daga cikin 18 ɗin nan duk a wannan kwandon suke faɗawa. A zangon da ba ka san hanyar ajinka ba, ba ka saba da bakin malaman ba, ba ka taɓa ganin sanyin ƙasar ba, a nan ka zuba ƙwanka duka.

Ni na yi, shi ya sa nake maka faɗa. Na ɗauki 17, ina taƙama da A1 ɗina na kemistiri a WAEC. Makonni ukun farko ina dariya, na ce wannan ai mun yi shi a aji biyar. Jarrabawar farko aka dawo min da takarda, na juya bayanta ina neman sauran makin. Ba haddar ma'ana suke tambaya ba, matsala za a ba ka wadda ba ka taɓa gani ba a ce warware, kuma agogo na tafiya. Na gama da C. Shekara huɗu bayan nan, ina zaune a gaban masu tantancewa sanye da kwat, wata farfesa ta sa yatsa a kan C ɗin nan ta ce in ba ta labarinsa. Duk A ɗin da na jera daga baya ba ta tambaye ni ko ɗaya ba.

Kuma ka san mu da ba mu da takardar zama ta dindindin, ƙofarmu ƙarama ce. Makarantun likitancin da ke ɗaukar baƙi ba su da yawa, bashin karatu na gwamnatin tarayya bai shafe mu ba, wasu ma sai ka nuna kuɗin karatun a ajiye. Wanda ƙofarsa ƙarama ce ba ya wasa da maki. Wannan maganar kuɗin za mu yi ta daban da Kawu, ba a nan ba.

To me za a cire? Fiziks. Cire shi yau. Ba abin da ke jiransa, ka yi shi a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin ka gama kalkulas, kuma ya fi kusa da MCAT, bai huce a kanka ba. Kemistiri kuwa kar ka kuskura ka taɓa shi, don shi sarƙa ne. Janar kemistiri na ɗaya, na biyu, oganik na ɗaya, na biyu, sannan bayokemistiri. Zango biyar a jere, kowanne sai ka ci wanda ya gabace shi za a bar ka ka shiga. In ka fara yanzu, ka gama a tsakiyar shekara ta uku, ka samu sararin shirya MCAT a ƙarshenta, ka tura takardun neman gurbi wajen watan Yuni. In ka ɗaga shi da zango ɗaya, duk layin ya matsa. Saboda haka jadawalinka a kan kemistiri za a gina shi, sauran su zagaye shi.

Bayoloji ne muke iya jayayya a kai. Da yawa suna haɗa shi da kemistiri tun zangon farko kuma suna tsira lafiya. Ni dai a ganina, ga wanda ya taso daga Kano ya sauka makon da za a fara karatu, lab ɗaya ya ishe shi. Ka fara bayoloji a watan Janairu. Amma in bayoloji ne fannin digirinka kuma sashenku ya ce dole, to ka ɗauka, sai ka ɗaga kalkulas. Biyu masu nauyi, kar su kai uku.

Ga yadda zan jera da ni ne. Kemistiri da lab, 4. Lissafi, wanda gwajin tantancewarsu ya ajiye ka, 4 ko 3. In gwajin ya ce ka fara da na ƙasa da kalkulas, ka karɓa, ba abin kunya ba ne, kuma kar ka nemi wani ya taimaka maka a gwajin, kanka za ka cuta. Turanci, 3. Saikoloji, 3. Sai ɗan darasin sababbin ɗalibai mai kiredit 1. Ka tashi da 14 ko 15.

Na san za ka ce saikoloji kuma na mene ne. Tun 2015 da aka sauya MCAT, kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawar saikoloji ne da soshiyoloji. Wani kashin kuma karatun dogayen rubuce-rubuce ne kawai, a tambaye ka me marubucin yake nufi, ba kimiyya ko ɗigo. A nan 'yan uwanmu suka fi zubar da maki, shi ya sa ba na son ka raina ajin Turancin nan. Jarrabawa ce ta wajen awa bakwai da rabi, maki daga 472 zuwa 528, kuma kowane kashi nauyinsu ɗaya.

Af, na kusa mantawa, wannan kuma babba ce. Bizarka ta F-1 ba ta yarda ka sauka ƙasa da kiredit 12 ba. Ɗan ƙasa in darasi ya yi masa zafi sai ya janye, a rubuta masa W, ya yi gaba. Kai in kana da 15 ka janye daga kemistiri mai 4, ka koma 11, ka taɓa bizarka ke nan. In saikoloji mai 3 ka ajiye, kana kan 12, lafiya lau. Kar ka danna janyewa daga kowane darasi sai ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje sun ba ka izini. Kuma darasin intanet guda ɗaya tak ake lissafa maka a cikin 12 ɗin.

Sai maganar lokuta. Lab ɗin Juma'a ƙarfe 1, canza shi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi galibi tsakanin 1 da 2 suke sallar Juma'a, kuma lab ba lakca ba ce da za ka karɓi littafin aboki ka kwafa. In ka rasa, ka rasa, wasu malaman in ka rasa biyu ko uku ka faɗi darasin. Darasi ɗaya yana da rukuni-rukuni, nemi na Talata ko Laraba. In sun cika, shiga layin jira, a makon farko mutane suna ta fita da shiga, gurbi yana buɗewa. Ni na taɓa ɗaukar na Juma'a ƙarfe 2, na ce ai zan yi sauri. Na fito masallaci da gudu, da kaftanina da takalmi buɗaɗɗe, mai kula da lab ta kalli ƙafata ta nuna min ƙofa. Sai rufaffen takalmi da tabaran kariya. Kafin in je ɗaki in dawo an gama bayani, abokin aikina ya riga ya zuba sinadarin ya zarce, ruwan da ake so ya yi hoda-hoda ya koma ja kamar zoɓo. Makin ranar ya tafi.

Ka kuma tuna a farkon Nuwamba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, rana ta riƙa faɗuwa wajen ƙarfe 5 ko kafin nan. Lab na 2 zuwa 5 zai haɗiye maka la'asar ya kai ka bakin magariba. In akwai na safe, shi ya fi. Azumi kuma a shekarun nan yana faɗowa a zango na biyu, wajen Fabrairu da Maris, daidai lokacin jarrabawar tsakiyar zango. Ka sa wannan a ranka ranar da za ka zaɓi darussan Janairu.

Ajin ƙarfe 8 na safe, yaran nan gudunsa suke kamar dodo, shi ya sa kullum akwai gurbi. Kai da Mama ta saba tayar da kai asuba kana iya cin riba a nan. Amma na san ka da komawa barci bayan sallah, kuma can ba Mama. Kwana biyu a mako, ba biyar ba. Kuma kar ka jera aji huɗu ba numfashi. Na Litinin, Laraba da Juma'a minti 50 ne, tazarar minti 10 a tsakani, wani ginin kuwa tafiyar minti 15 ne a cikin ƙanƙara. Buɗe taswirar makarantar ka duba. Ka bar awa ɗaya bayan lakcar kemistiri, ka zauna a laburare ka warware tambayoyin ranar tun da zafinsu. Kowane malami kuma yana da awannin da yake zama a ofis don ɗalibai kawai. Mu mun taso ana tsoron ofishin malami, nan jiranka yake, kuma shi ne zai rubuta maka takardar shaida nan da shekara uku. Ka tabbata ba ka ɗora wani aji a kan lokacin na malamin kemistiri ba.

Zuwa asibiti aikin sa kai da bin likitoci da shiga bincike, duk za a yi, amma ba a wata biyun farko ba. Ka je ka ga mai ba da shawara na masu neman likitanci dai, daban yake da na sashenku, ka nuna masa wannan jerin, in ya ce makarantarku tana da wata ƙa'ida dabam, tasa za ka bi.

Kawu, na san za ka ce ai kuɗin ɗaya ne ko 12 ya ɗauka ko 18, gara ya kwashi da yawa. A makarantu da dama haka ne, amma maimaita darasi ma kuɗi ne, kuma tallafin da aka ba shi yana da makin da in ya sauka ƙasa da shi za a janye. Auta, duba takardar tallafin ka gaya mana nawa ne.

Ana kirana a waya, bari in tsaya. Ka gyara ka sake turo hoton kafin Laraba, da lokutan kowane aji a jiki, ba sunayensu kawai ba. Mama, maganar dambun nama kuma, Auta ba zai iya shigowa da shi ta filin jirgi ba, kar a saka masa a jaka. Sai da safe.