Ina haddace kalmomin Turanci, amma kafin mako sun gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga unguwar Pantami a Gombe, ina shirin rubuta JAMB, burina in karanci aikin lauya. Kullum nakan kwafo kalmomi 50 daga ƙamus in haddace, amma kafin mako ya zagayo ko goma ba na tunawa. Kaina ne ba ya ja, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kanki lafiyarsa lau. Hanyar ce ba ta ɓullewa, domin kalma 50 a rana ba tare da komawa kansu ba zuba ruwa ne a kwando.

Ki tuna yadda ake hadda a Islamiyya. Wane malami ne zai bar ɗaliba ta yi ta ƙarin sabon shafi ba ta tilawar na baya? Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa, ya wallafa a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana zuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa ke rage ta. Alarammominmu sun daɗe da sanin haka, ba su dai zana shi a takarda ba. Saboda haka ki sauko zuwa kalma takwas ko goma. Ki yanka kwali ƙanana, kalma a gaba, ma'anarta da jimla guda a baya. Ki samu gwangwanin madara uku. Na farko ki duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Juma'a kaɗai. Kalmar da kika ci ta haura gwangwani na gaba, wadda ta kayar da ke ta dawo na farko, ko da ta kai na uku. Manhajar Anki haka take aiki a waya, amma ni na fi son kwalin, don babu ruwansa da caji ko saƙon ƙawaye.

Jimlar nan ta bayan kwali ita ce ƙashin bayan aikin. Ɗauki "sanction". A wani wuri amincewar hukuma take nufi, a wani wurin takunkumi, kusan kishiyar juna ke nan. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya daga ƙamus, da an juya masa jimla sai ya faɗa rami yana murmushi. Masu tsara tambayoyi kuwa irin wannan suke so, musamman a sashen neman kalma mafi kusa da ma'ana da na neman kishiya. Shi ya sa na fi son ki tsinto kalmominki daga abin da kike karantawa: sharhin edita na jaridar Daily Trust, littafin da JAMB ta sanya a bana, da tambayoyin shekarun baya. Ƙamus wurin tabbatarwa ne, kuma ki riƙi na Turanci zalla irin Oxford Advanced Learner's, saboda misalansa.

Sai tushen kalma. Idan kin taɓa sarfu, wato ilimin ginin kalmomin Larabci, kin san yadda kitabu da katibu da maktaba suka fito daga baƙaƙe uku. Manyan kalmomin Turanci da yawa daga Latin da Girkanci suke, kuma su ma dangi-dangi suke tafiya. "Bene" alheri ne, daga nan aka samu "benefit", "benevolent" da "benefactor". "Mal" sharri ne ko rashin kyau: "malice", "malevolent", "malnutrition". Hatta "malaria" daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, don a da sun ɗauka iskar fadama ke kawo zazzaɓin. Amma a yi hattara, tushe yakan yi yaudara. Na sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari sun zaɓi "invaluable" a matsayin kishiyar "valuable", alhali abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi take nufi.

In kina son jeri tsayayye, nemi Academic Word List na Averil Coxhead, wanda ya fito a 2000. Dangin kalmomi 570 ne da suka fi yawo a rubutun ilimi, kuma zai yi miki amfani har bayan kin shiga jami'a.

Game da lokaci: tambayoyin JAMB 180 ne a awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ce a lissafi. Duk ranar Asabar ki ajiye agogo a gabanki ki amsa tambaya 60 cikin minti 40. Kalmomin da suka ba ki kashi a ranar su ne za su shiga gwangwanin farko a makon da ke biye.