Amsa ga mai tambayar me ya sa sha'awar taba ta dawo bayan hifnosis

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, na san ɗacin abin nan. Ka ce zama ɗaya na hifnosis aka yi maka, wato a sa mutum cikin nutsuwa mai zurfi a dasa masa umarni, aka dasa maka cewa warin taba zai riƙa tayar maka da zuciya, kwana tara abin na aiki, a na goma sha'awa ta dawo. Kana tambaya ko kai ka ɓata aikin.

Ba kai ba ne. Umarnin da ake dasawa yana bukatar alamar da za ta tayar da shi, da takamaiman aikin da za a yi, kuma ƙarfinsa raguwa yake in ba a sabunta ba. A gwajin Martin Orne da abokan aikinsa na 1968, cewa aka yi mutane su taɓa goshi duk sanda suka ji wata kalma, na awa 48. Waɗanda abin ke kamawa sosai sun riƙa taɓawa har a wajen ɗakin gwaji. Amma ina taɓa goshi na kwana biyu, ina jarabar nikotin ta shekaru?

Kuma ba kowa yake kamawa daidai ba. Ma'aunin Stanford na 1959, mai auna yadda hifnosis ke kama mutum, gwaji 12 ne, kuma kusan mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke can sama. An auna ka kafin a fara? Da wuya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu alkawarin zama ɗaya an gama. Ranar da mutum ya sake kunna kara, hannu na rawa, kunya ta rufe shi, ya koma wurinsu, sai su ce ai bai ba da zuciyarsa ba. Laifin ya dawo kansa! Alhali bitar Cochrane (ƙungiyar da ke tace binciken lafiya) ta 2019 ba ta samu isasshiyar hujjar cewa hifnosis ya fi sauran hanyoyin barin taba ba.

In za ka koma, a ɗaura umarnin a kan lokaci guda da ka san sha'awa na taso maka: da ta motsa, ja numfashi uku, tashi daga wurin. A naɗa maka muryar zaman, ka riƙa saurara kamar minti 15 kullum. Ka ga likita kan filastar nikotin ko cingam ɗinta, a haɗa.

Don Allah kar ka yarda a ce za a tono maka "tushen" matsalar a yarintarka. A 1983 masu bincike Laurence da Perry, ta hanyar hifnosis, sun sa mutum 13 cikin 27 sun yarda cewa wata ƙara ta tashe su a wani dare, ƙarar da a cikin zaman aka ƙirƙira musu ita.