Rufe bakin bargo mai hawa uku da ɗinkin keke

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa bakin bargon da ka rufe da keke ya fito tsaf ta fuska, amma da ka juya bayansa sai ka tarar ɗinkin yana hawa ƙyallen baki yana sauka, a wasu wuraren ma allurar ba ta kama shi ba sam. Ka kuma ce ko ba gara a haƙura da keke a koma ɗinkin hannu ba. Laifin ba na keken ba ne, tsarin aikin ne ya zo a juye. Ka fara ɗora ƙyallen ta fuska, ka kalmasa shi zuwa baya, sannan ka bi ta fuska kana ɗinka abin da idonka ba ya gani. Wannan tsari na mai gamawa da allurar hannu ne. Wanda zai gama da keke ta baya yake fara ɗora ƙyallen, ya kalmaso shi zuwa fuska, domin bakin da zai kama ya kasance a gaban idonsa tun daga farko har ƙarshe.

Irin wannan bargo hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa da guntayen yadi, auduga ko faiba a tsakiya, da yadin baya. Masu ɗinkinsa a Amurka da inci suke awo, mu ma da shi muke aiki, saboda haka lissafinsu ya yi mana daidai. Ka yanka ƙyallen baki da faɗin inci 2 da rabi, ka ninka shi biyu a tsawonsa, ka goge. Idan bargon inci 60 ne a faɗi, 80 a tsawo, kewayensa 280 ke nan, sai ka ƙara inci 12 saboda kusurwoyi da mahaɗa. Yadi mai faɗin inci 40 zai buƙaci tsiri 8, kuma a karkace ake haɗa su don kada kauri ya taru wuri guda. Idan atamfa za ka yi amfani da ita, ka wanke ta tukuna, domin wadda ke zuba za ta ɓata fuskar bargon a wankin farko.

Wajen ɗora shi ta baya, ka bar inci 3/8 daga baki. Mutane da yawa suna barin kwatan inci saboda shi hannunsu ya saba, amma da ƙyalle mai faɗin 2 da rabi hakan yana sa ɓangaren fuska ya fi na baya faɗi sosai, sai layin ƙarshe ya faɗa can tsakiyar yadin baya. Wanda ya nace wa kwata, ya rage faɗin ƙyallen zuwa 2 da kwata. Abin da ake nema shi ne idan ka kalmaso ƙyallen, bakinsa ya rufe layin ɗinkin farko da ƙyar, kada ya gaza, kada kuma ya zarce da yawa. Wannan layi shi ne ja-gorarka, kuma in ka kiyaye shi a kewayen bargon duka, bayan zai daidaita da kansa ba sai ka riƙa leƙawa ba. Ka goge kalmasar, ka kama ta da fil.

Shi ɗinkin bakin bargo, wato nau'in ɗinkin da za ka zaɓa a keke don rufe bakin, idan ka lura da yadda keke ke yin sa, taku biyu ne: allura ta yi gaba a miƙe, sannan ta yi tsalle gefe ta ciji yadi ta dawo, har ya fito kamar haƙoran mataji. Layin da ke miƙe ya kamata ya sauka a kan fuskar bargon, dab da bakin ƙyalle ba tare da ya hau shi ba, cizon kuma ya shiga cikin ƙyallen. A nan ne za ka ci karo da wani abu. Nauyin bargon yana hagunka, ƙyallen yana dama, alhali a kekuna da dama ɗinkin nan hagu yake cizo. Ka nemi maɓallin da ke juya ɗinki, cizon hagu ya koma dama. Idan keken ba shi da shi, wasu sukan bar layin miƙe ya hau ƙyallen, haƙoran su faɗa kan bargo. Yana riƙewa, ban ce ba ya yi ba, amma ni ban so shi ba, domin duk karkatar da hannu ya yi tana fitowa fili a kan ƙyallen. Amma dai gara hakan da a cusa bargon gaba ɗaya ta cikin wuyan keke.

Ka fara da faɗin cizo milimita 2 zuwa 2 da rabi, tsawon taku kuma 2 da rabi zuwa 3. Cizon da bai kai haka ba yana iya suɓuce wa bakin ƙyalle, wanda ya wuce 3 kuma yana tattare shi. Allura lamba 14 ta isa. Zaren ƙasa ya dace da launin yadin baya, domin can ne ƙananan kurakurai suke ɓuya, na sama kuma ya danganta da abin da mai kaya ke so: launin ƙyallen idan ana son ɗinkin ya laɓe, wani launi dabam idan ana son ya zama ado. Kada ka gwada a kan ƙyalle falle ɗaya ka ce ya yi. Ka haɗa guntun hawa ukun da ragowar ƙyallen baki, ka gwada a kai, saboda kauri yana canza jan zare.

Akwai ƙafar keke mai haƙoranta a sama, wadda ke jan yadin sama daidai da yadda haƙoran ƙasa ke jan na ƙasa, kuma ita ta fi dacewa da kaya masu kauri. Sai dai ba ta son komawa baya, don haka ka zaɓi ɗinkin mai taku ɗai-ɗai, ka bar wanda ke maimaita taku gaba da baya. Butterfly ɗinmu na ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, babban keken zigizag kuma cizonsa hagu da dama ne babu layin miƙe. Ƙananan kekunan lantarki irin na Brother da Janome ne ke da wannan ɗinki, su ma ba kowane samfuri ba. Inda babu, siririn zigizag zai rufe bakin, ko da yake kyansa bai kai ba.

Kusurwa ce wurin da za ka rage gudu, har ka koma juya keken da hannu. Ka ninke ta tun kafin ka iso, ninkin fuska ya kwanta ta ɓangaren da ya saɓa wa na baya, don kada kaurin biyu ya hau juna. Idan ka iso lungun, ka tsaya allura tana ƙasa a kan layin miƙe, ba a tsakiyar cizo ba. Ka ɗaga ƙafa, ka juya bargon rabin juyin kusurwar, ka bar cizo ɗaya ya bi tsagar ninkin ya ɗaure ta, sannan ka ƙarasa juyin ka ci gaba. In ƙafar ta ɗaga gaba ta ƙi hawa tudun, ka tura ninkakken ƙyalle a ƙarƙashinta ta baya don ta daidaita.

Kada ka ja bargon, kada kuma ka bar shi yana reto daga tebur, domin nauyinsa kaɗai ya isa ya sa haƙoran ɗinkin su fito wasu a matse wasu a ware. Ka sa wani tebur ko benci a hagunka ya ɗauke shi. Ka fara daga tsakiyar gefen ƙasa, inda ido bai cika zuwa ba, kuma da ka zagayo kada ka taka baya don ɗaurewa. Ka bar zaren da ɗan tsawo, ka jawo na sama zuwa baya, ka ƙulla su, sannan ka shigar da su cikin audugar da allurar hannu kafin ka yanke.