Habibu, dakata da rigar Katangowa tukuna

Ƙanena Habibu, na saurari saƙonka. Ka ce biza ta fito, karatu zai fara a Janairu a nan Norman, jihar Oklahoma ta Amurka, kuma ka ga wata jibgegiyar rigar sanyi a kasuwar gwanjo ta Katangowa can Legas, kana tambaya ko ita kaɗai ta wadatar. Barka, Allah ya sa albarka. Rigar kuwa, kada ka biya tukuna.

Sanyin Oklahoma a ƙarshen Nuwamba ba ya zama wuri ɗaya. Talatar nan da azahar da 'yar shara na fita, har ina raɓa inuwa. Kafin la'asar sakaliya iska ta juyo daga arewa, sama tas, ko ɗigon ruwa babu. Da na fito daga sallar isha'i yatsuna sun ƙage, makullin mota ma sai da na haɗa hannu biyu. Daga Kanada iskar take gangarowa, kuma tsakaninmu da can fili ne fetal, ba tsaunin da zai tare ta. Bayan kwana biyu ko uku sai ta kudu ta taso daga Tekun Meziko, gari ya yi ɗumi kamar ba a yi ba. Har yau ana labarin 11 ga Nuwamba 1911, ranar da ma'aunin birnin Oklahoma ya kai 83 da rana, kafin tsakar dare ya faɗo 17.

Kada lambobin su ruɗe ka, a nan da Farenhait ake awo. Cire 32, ka raba saura biyu, za ka kusa. 83 ɗin nan kusan 28 ne a namu, irin hantsin Agege. 17 kuma takwas ne ƙasa da sifili. Shekarata ta farko na ga 40 a waya, na fita ba hula ina murna. Kunnuwana ne suka ba ni labari.

To rigar nan taka, da azahar za ta jiƙa ka da gumi, ajujuwa kuma akwai hita, ka yini kana rungume da ita. Ka nemi masu hawa-hawa: 'yar ciki mai dogon hannu, suwaita, sai jaket marar nauyi wadda iska ba ta ratsawa. Hular sanyi, safar hannu da safa mai kauri, waɗannan saya a Katangowa, sun fi araha. Babbar riga ka bari sai ka sauka, mu je tare.

Abin da na fi jiye maka shi ne bushewa. Kai haihuwar Legas ne, hunturun da ka sani ɗan hazon kwana uku ne. Tambayi Baba na Kano, sannan ka ƙara masa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wani har haɓo, in ka kama mariƙin ƙofa kuma ya ɗan ja ka kamar lantarki. Ka sa Inna ta samo maka man kaɗanya mai kyau, gwangwani biyu.

Yanzu biyar da 'yan mintuna ake magariba, ka shirya wa dogon dare. Kilishin da ka ce za ka riƙo mini kuwa, bar shi, nama ba ya wuce kwastan a nan. Yajin dai ka cika leda. Gaida su Inna.