Kafin Ka Kwaikwayi Ƙungiyar Cubs, Buɗe Littafin Lissafi

Tambaya: Ina zaune a Shikago, ina sayen motoci ina turawa Kano, ƙanena kuma yana gyarawa yana sayarwa. Na ga yadda ƙungiyar besbol ta garin nan, Cubs, ta rabu da manyan 'yan wasanta, ta kwaso waɗanda darajarsu ta faɗi, ta farfaɗo da su har ta ci kofi. Ina so in karya farashin lafiyayyun motocina guda 6, in sayi 15 masu hatsari a gwanjo, jarina ya ninka cikin shekara biyu. Ba ma rubuta lissafin kowace mota, domin babu haka tsakanina da ƙanena, amma ina ganin ana samu.

Amsa: Alhaji, jimlarka ta ƙarshe ita ce ta fi tayar mini da hankali. "Ina ganin ana samu" ba lissafi ba ne, kuma wanda bai san abin da mota guda ta ci masa daga gwanjo zuwa hannun mai saye ba, ba shi da hurumin yin maganar ninka jari cikin shekara biyu. Ba na zargin ƙanenka da komai. Laifin naka ne, domin kai ne mai dukiya, kai ne kuma ka bar ta babu rubutu.

Tun da Cubs ka kawo, bari mu dubi abin da suka yi da idon basira. Theo Epstein ya karɓi ragamar ƙungiyar a ƙarshen 2011. Kafin kakar 2013 suka ɗauki wani mai jifa (ɗan wasan da ke jefa wa mai bugu ƙwallo), Scott Feldman, a kwantiragin shekara guda kan dala miliyan 6, da ya yi wata uku yana taka rawar gani sai suka miƙa shi ga ƙungiyar Baltimore a watan Yuli, suka karɓi Jake Arrieta da Pedro Strop. A lokacin an kusa yanke ƙauna daga Arrieta, domin a shekarunsa na Baltimore ana cin sa sama da maki 5 a kowane cikakken wasa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma Cubs sun bincika dalilin tsamin: ƙarfin hannunsa yana nan, saurin jifarsa bai ragu ba, an dai yi ta sauya masa salon tsayuwa da jifa har ya rikice. Suka fara tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Iowa, sannan suka ƙyale shi ya koma salon da jikinsa ya saba da shi. A 2015 ya ci wasa 22, makin da ake cin sa ya sauka ƙasa da 2, aka ba shi kyautar gwarzon mai jifa. Haka ma Anthony Rizzo, wanda ya kasa taɓuka komai a San Diego a 2011; shugabannin Cubs sun san shi tun yana matashi a hannunsu lokacin da suke aiki a ƙungiyar Boston, suna da tarihinsa shekara da shekaru, shi ya sa mummunar kaka guda ba ta hana su ɗauko shi ba.

Ka lura cewa ba araha suka saya ba, abin da suka saya shi ne lalacewar da suka san musabbabinta, suka kuma san kuɗin gyaranta. Wasan besbol kuwa babu abin da ba a rubutawa a cikinsa: kowace jifa ana auna saurinta, ana adana inda ta faɗa, a wasa 162 na kowace kaka. Duk da wannan tarin bayanai sun sha yin ɓatan kai. A watan Disamba na 2011 sun karɓo Ian Stewart daga Colorado da fatan farfaɗo da shi, ciwon wuyan hannu ya hana shi amfani, suka sallame shi a 2013, alhali DJ LeMahieu da suka bayar a cinikin shi ne ya fi kowa iya bugu a rukuninsu a 2016. Idan masu rubutu suna faɗuwa haka, ina ga wanda yake ciniki da ka?

Akwai kuma abin da masu ba da labarin kofin ba su cika faɗa ba. Daga 2012 zuwa 2014 an doke Cubs sau 286, amma a gasarsu ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni, 'yan kallo sama da miliyan 2.6 suna sayen tikiti kowace shekara, kuma a wancan lokacin waɗanda suka zo baya su ake ba wa damar fara zaɓen matasan 'yan wasa, ta haka ne suka sami Kris Bryant a 2013. Kai idan ka faɗi, babu mai ba ka tukuici, kuma motocin nan 6 su ne kaɗai suke kawo maka kuɗin shiga.

Na san wani dillali da ya kwashi motocin da ambaliyar Houston ta 2017 ta shanye, saboda jikinsu sumul, babu ko ƙwarzane. Da suka iso gida aka wanke, aka sayar da biyu, bayan 'yan watanni masu saye suka dawo: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilun gaban direba duk sun kunnu, da aka ɗaga kafet sai ga wayoyi sun yi kore da tsatsa. Ya yi ta tura kuɗin gyara yana ɗebowa daga ribar sauran motoci, kuma da yake duka kuɗin a asusu guda suke babu rubutu, sai da jarin ya kusa ƙarewa ya gane waɗanne ne suke cinye shi. Zumuncinsa da ɗan'uwan da yake kula masa da garejin ma bai tsira ba, domin kowa yana da nasa lissafin a ka.

Saboda haka kada ka karyar da ko mota guda. Ka buɗe wa kowace shafinta da lambar jikinta, a rubuta kuɗin gwanjo da la'adarsa, da kuɗin janyowa zuwa tasha, da na jirgin ruwa, da na kwastam, da abin da bakanike da mai fenti suka karɓa, da farashin dala a ranar da ka biya da ranar da aka sayar, da kwanakin da ta yi a ajiye. Motar da ka saya dala 4,000 tana iya cin kusan wani 4,000 kafin a sa mata farashi, kuma idan naira ta faɗi a tsakani, ribar da ka gani a takardar banki ba za ta sayo maka irinta ba. Ka gaya wa ƙanenka cewa rubutun kariya ne gare shi, ka kuma yanka masa kasonsa a fili. Bayan an sayar da motoci goma a kan wannan tsari, ka gwada masu hatsari biyu kacal, waɗanda dukan ya tsaya a ƙofa ko bamba, bai taɓa inji ko ƙashin mota ba, da kuɗin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na jarinka ba. Motar da ruwa ya shiga kuwa, ko nawa aka karya ta, ka bar musu abinsu.